Abincin Bindiga: Tarihin Albarushi da Harsashi a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya taso daga birnin Katsina ya yi kudu, in ya wuce Kurfi ba zai daɗe ba sai ya hangi dutsen da garin Dutsin-Ma ya ci sunansa. Tsofaffin garin sun ce wani maharbi ne wai shi Ma ya fara zama a wannan dutse tun wurin yana daji, mutane suka riƙa cewa dutsen Ma, dutsen Ma, har sunan ya bi garin. Ashe ke nan, ku 'yan makarantar wannan yanki, da farauta aka kafa garinku, ya kuwa kamata ku san wani abu na tarihin kayan harbi.

Maharban dā da kwari da baka su ke aiki, shi ya sa har yau shugabansu Sarkin Baka a ke ce masa, ko da bindiga ce rataye a kafaɗarsa. To, kibiya tana da wani hali da ya kamata mu lura da shi tun da fari. In maharbi ya harba ya kuskure, sai ya bi ya tsinci abarsa. In ya samu, ya zare ta daga jikin naman, maƙeri ya miƙe ta, a sake shafa mata dafi, ta koma kwari. Kyauron da a ke yin ta da shi yana fadama, ƙarfen yana maƙera, dafin yana daji. Bindiga ba haka ta ke ba. Ita ci ta ke yi, abin da ta ci kuwa ya tafi ke nan, ya zama hayaƙi. Ran da abincinta ya ƙare, sanda ta fi ta amfani, don ko ba komai sanda ta fi ta sauƙin ɗauka. Saboda haka wanda ya ke son ya fahimci tarihin bindiga a ƙasarmu, kada ya tsaya ga ƙidayar bindigogi. Ya tambaya wa ke da albarushi, daga ina ya same shi, nawa kuma ya ajiye.

Albarushin tsohuwar bindiga abu uku a ke haɗawa. Akwai gawayi, wannan ba ya wuya. Akwai wani irin gishiri da a ke tatsowa daga ƙasar tsofaffin kufai da turakun dabbobi, shi ma a kan same shi a nan, amma da wahala, kuma ba kullum ya ke yin kyau ba. Na uku shi ne kibiritu, wanda waɗansu ke kira farar wuta, shi kuwa sai an jira ayarin raƙuma daga Tarabulus. Bayan wannan ga dalmar da za a zuba harsashi da ita, ga ƙanƙarar da ke ƙyasta wuta a kan bindigar. Ku duba fa, harbi guda na mutumin Kurfi yana rataye da tafiyar watanni a cikin Sahara. In 'yan fashi sun tare hanyar Agadas bana, baɗi bindigogi su yi shiru.

Bindiga ta daɗe da shigowa. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya wa harbi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nufe, Babba Zaki kuma, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma duk da haka ba ita ta ci yaƙin jihadi ba. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Akwai ma labarin da kowa ya sani, cewa Sarkin Gobir Yunfa ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga a fadar Alkalawa, wutar ta juyo ta ƙone shi. Malamai suna kawo labarin don nuna kariyar Allah ga bawansa. Mu kuma a nan muna ƙara ganin wani abu a cikinsa, watau irin makamin da bindigar wancan zamani ta ke: mai riƙe da ita ma bai tsira daga sharrinta ba.

Wani Baturen Birtaniya mai yawon ƙasashe, Klafatan, ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya cikin 1826. Ya ba da labari cewa a cikin wannan babbar runduna masu bindiga 'yan kaɗan ne, dukansu bayi, kuma kowa ya harba sai ya sheƙa da gudu ya fita inda kibiya ke kaiwa, sa'an nan ya tsaya ya sake ɗuri. Wanda ya ji mutanenmu na kiran bindigar gargajiya harba-ka-ruga, to, ga asalin abin nan tun shekara ɗari biyu. Dakta Bart, Bajamushen da a ke kira Abdulkarimu, wanda ya sauka Katsina cikin 1851, ya tarar takubba na shigowa kasuwar Kano dubbai, bindigogi kuwa kaɗan, sai 'yan waɗanda suka fara hauhawa ta hanyar Nufe.

A wannan zamani ƙasarmu ba ta kwana da ido biyu rufe ba. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina cikin 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi. (Kada ku rikita garin Maraɗi da sarautar Maraɗin Katsina, wadda hakimin Kurfi ke riƙe da ita, kamar yadda hakimin Dutsin-Ma ke riƙe da sarautar 'Yandaka.) Daga can suka riƙa kawo hari shekara da shekaru, ta cikin Dajin Rugu da ke yamma da mu, tun zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarni na 19. Harin na mahaya dawaki ne, masu takobi da mashi, su faɗo da asuba su kwashi mutane da shanu su juya. Abin da talaka ya dogara da shi ganuwa ce da sarƙaƙiya da kwarinsa. Bindiga ta sarakuna ce.

Sarakunan kuwa sun gane sirrin abin sarai. Sarkin Nufe Masaba, 1859 zuwa 1873, da ya ga jiragen Turawa na kawo bindigogi da gangunan albarushi ta Kwara, sai ya tsare ƙofa, ya zamana abin da zai wuce arewa sai ta hannunsa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, ya bi wata hanya: ya tara maƙera a Zindar suna zuba masa igwa, suna haɗa albarushi a gida, yana sayen kibiritu da bindigogi daga Tarabulus. Da haka Damagaram ta zama abin tsoro ga Kano da Daura da Gumel. A fadojin ƙasar Hausa kuma, bayin sarki a ke ba bindiga. Dalili a fili ya ke. Hakimi mai doki da mashi yana iya yi wa sarki tawaye, don ingarmarsa ciyawar ƙasarsa ta ke ci. Ɗan bindiga kuwa ba shi da ta cewa, muddin taskar albarushi tana cikin gidan sarki.

Sa'ad da mu ke fama da ƙanƙara da ƙahon albarushi, a Turai an riga an sake dabara. Aka ƙago kwanson tagulla wanda ya haɗa kome wuri guda: albarushi a ciki, harsashi a baki, ɗan maƙyasti a gindi. Ba sauran ɗuri ta baki, sai a buɗe bayan bindiga a zura. Cikin 1884 wani Bafaranshe ya gano albarushi marar hayaƙi, a wannan shekara kuma Hiram Maxim ya fito da bindigar da kakanninmu suka sa wa suna bindiga mai ruwa, wadda ke zubar da harsashi wajen 600 a minti guda. Sa'an nan cikin 1890 ƙasashen Turai suka taru a birnin Burasal suka ƙulla yarjejeniya, cewa a yawancin Afirka kada a sayar wa baƙar fata sabuwar bindiga da harsashinta, sai dai tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce don hana cinikin bayi suka yi. Ko mene ne niyyarsu, abin da ya biyo baya shi ne, sa'ad da suka zo cin ƙasa su kaɗai ke da rumbun harsashi.

A nan ne za mu ga mafarin sake ɗura kwanso a Afirka ta Yamma, ba kuwa don nishaɗi aka fara shi ba. Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana yaƙi da Faransawa a ƙasashen Gini da Mali na yanzu kafin su kama shi cikin 1898, ya sa mayaƙansa su riƙa tsince kwansunan da aka harba a fagen fama. Maƙeransa su gyara su, su sake cika su, har sun kai ga ƙera irin bindigogin Faransawan da hannu. Kwanso guda a wurinsa dukiya ce. A ƙasar Hausa ba a kai ga wannan ba. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan da ba su kai dubu ba suka fasa ganuwar Kano da igwa. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Kafin watan ya ƙare Gwamna Lugga ya shiga Katsina ba a yi harbi ba. Ba jaruntaka aka fi mutanenmu ba, wanda ya karanta labarin Burmi ya san haka. Bayan kowace rundunar Turawa akwai dogon layin 'yan alaro ɗauke da akwatunan harsashi, a bayansu kuma akwai jirgin ruwa, a bayan jirgi akwai masana'antu waɗanda ba su barci.

Da yaƙi ya ƙare, sai tsohuwar bindiga ta sauko daga fada ta shiga hannun talaka. Turawa na kiranta bindigar mutanen Danmak, don 'yan kasuwar wannan ƙasa na cikin waɗanda suka yi cinikinta a bakin teku wajen Ankara ta Gana, ko da ya ke daga baya a Birmingham ta Ingila aka fi ƙera ta. Mu kuwa mu ce bindigar toka, ko baushe, ko adaka. Maƙeranmu ba su daɗe ba suka koyi yin ta da kansu, da bututun ƙarfe da ƙotar itace. Manomi ya nemi lasin ya rataya, yana korar birai da gyado daga gona, da rani kuma ya shiga Rugu neman gada da barewa da zabi.

Wannan maharbi shi ne ya cancanci mu daɗe a kansa, don kowane harbi nasa da hannunsa ya ke haɗa shi. Ya kan tsai da bindiga, ya auna albarushi daga ƙaho, ya zuba ta baki, ya tura tsumma ya danna da tsinken ƙarfe, ya zuba harsashi, ya sake toshewa. Awon nan ba a rubuce ya ke ba, a tafin hannu ya ke, daga uba ya ke zuwa ga ɗa. Ɗurin zabo daban, na gyado daban. In ya rage, naman ya tafi da rauni ya mutu a banza cikin daji. In ya zarce, bututun ya tsage, a ƙauyukanmu kuwa ba a rasa tsohon maharbin da ya rasa yatsu ta wannan hanya. In dalma ta yi wuya, maƙeri ya sassara masa guntayen ƙarfe, bayan zuwan keke kuma aka ga 'yan ƙwallayen cikin gindinsa sun yi daidai. Mutumin da ya sha wannan wahala ba ya harbi don jin ƙara. Ya kan yi rabin yini yana sanɗa, ya matsa, ya ƙara matsawa, don ya san ɗuri guda gare shi, kafin ya yi na biyu daji ya watse.

To, ga abin mamaki. Wannan mutum da ba ya harbi fiye da sau biyu ko uku a fita guda, in ka shiga ɗakinsa sai ka tarar da abin da zai ishe shi shekaru. Ƙaho cike, burgami cike, ga wani a gora an toshe da tsumma an rataye inda laima ba ta kaiwa, ga dalma a ƙunshe. Kowace kasuwa ya ci, in ya ga mai kyau sai ya ƙara. In ka tambaye shi, zai ce maka albarushi ba kullum a ke samunsa ba, kuma gaskiyarsa. Wanda kakansa ya jira ayarin Tarabulus, ubansa ya jira izinin Bature, ba a koya masa tanadi. Da damina ma albarushi kan sha iska ya yi sanyi ya ƙi tashi, saboda haka da rani a ke tara shi. Amma mu a ganinmu akwai wani dalili bayan wannan, wanda maharbin ba zai faɗa ba. Haɗa ɗurin kansa yana da daɗi. Zama a inuwa ana zuba dalma, ana gwada nauyinta a hannu, ana gardama da abokai a kan wane gawayi ya fi, wannan rabin farautar ke nan. Kuma cikakken ƙaho yana kwantar da rai kamar yadda cikakken rumbu ke yi, ko da mai shi ya san ba zai cinye ba.

Kada ku ɗauka mutanenmu kaɗai ke da wannan hali. A Amurka, inda dokarsu ta yarda, akwai mutane masu yawa da suka mai da sake ɗura kwanso abin shaƙatawa. Su tsince kwansunan tagulla bayan sun yi harbin gwaji, su wanke, su matse su da ɗan inji a kan tebur su koma daidai, su sa sabon maƙyasti, su auna albarushi a ma'auni mai ganin abin da bai kai ƙwayar gero ba, su dasa harsashi. Kwanso guda ya kan yi zagaye da dama kafin ya tsage. Da fari su kan ce don sauƙin kuɗi su ke yi, daga baya sai ka ga mutum ya tara dubbai a akwatuna, yana haɗawa fiye da yadda ya ke harbawa. Su ma tsoron yankewa na cikin abin. Cikin 2013, da aka yi ta maganar tsananta dokar bindiga, da kuma 2020, shekarar annobar korona, harsashi ya ɓace daga kantunansu, don kowa ya ruga ya saya ya ɓoye. Tsoron rashi shi ya jawo rashin. Abin da Samori ya yi don ceton ƙasarsa, su suna yi da yamma bayan an tashi aiki.

Sai dai rumbun albarushi ba kamar rumbun dawa ba ne. Dawa in ta daɗe ƙwari ke cinta, albarushi kuwa shi ke cin mai shi. Ɗakin ciyawa, da fitilar aci-bal-bal, da yaro mai ƙiriniya, sun isa. Ba talaka kaɗai ba, hukuma ma ba ta tsira ba: ran 27 ga Janairu 2002 taskar makaman soja ta Ikeja a Ikko ta kama wuta, mutum fiye da 1,000 suka hallaka, yawancinsu a cikin wani magudanin ruwa suka nutse wajen gudu. Ku sani kuma a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ko harsashi ko ƙera su ba da izni ba. Wanda ya tsinci harsashi a hanyar makaranta kada ya ƙwanƙwasa shi, kada ya jefa a wuta, ya gaya wa malami ko mai unguwa.

Akwai wata kalma da ta sake ma'ana a bakinmu, tana kuwa ɗauke da sauran labarin. Kakanninmu in sun ce 'yan bindiga, bayin sarki su ke nufi, masu jajayen kaya, waɗanda ke buga albarushi zalla ba harsashi ran hawan salla, hayaƙi ya turnuƙe, yara su yi ta sowa. Yanzu in an ce 'yan bindiga a Kurfi ko Dutsin-Ma ko Safana, sai gaban kowa ya faɗi. Dajin Rugu da mahayan Maraɗi suka bi, shi ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da mafaka, musamman bayan 2011, shekarar da gwamnatin Libiya ta rushe makamanta suka bazu cikin Sahara. Hanyar da ta kawo kibiritu a kan raƙumi ita ta kawo AK-47 a cikin mota. Cikin Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, kudu da mu kaɗan, yara sa'o'inku.

Maharban ƙauye da 'yan sa-kai sun fito da baushensu, amma lissafin ɗaya ne da na 1903. Mai baushe ɗuri guda gare shi, AK-47 kuwa 30 ta ke ɗauka a gida guda, a cire a sa wani kafin ƙiftawar ido. Cikin Oktoba 2023 gwamnatin Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa don su taimaki soja da 'yan sanda. Amma ita wannan bindiga ta daji tana da rauni irin na kakanninta, har ma ya fi. Ba ta cin abin da maƙerin ƙauye ke iya haɗawa. Yawancin kwansonta na ƙarfe ne ba tagulla ba, maƙyastinsa kuma irin wanda ke da wuyar cirewa, ko ƙwararrun Amurka zubar da shi su ke yi. Kowane harsashi da aka harba a gefen Rugu daga wata masana'anta ya fito, wani ya sayar, wani ya ɗauko, ya bi wata hanya ya wuce waɗansu shingaye. Shi ya sa cikin Satumba 2021 hukuma ta gwada toshe hanyoyin guzurin daji, ta hana sayar da fetur a jarka, ta katse wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Talakawa sun sha wuya ƙwarai a watannin nan, hari kuwa bai ƙare ba. Daga baya aka mai da waya. A shekarun da suka biyo 'yan sanda sun sha ba da sanarwar kama masu kai saƙo a hanyoyin Katsina da Zamfara, maza da mata, da ɗaruruwan harsasai a ɓoye cikin buhunan hatsi da jarkokin manja.